Gundumar Loving ta Jihar Texas: Tambayoyi da Amsoshi kan Tarihinta, Ƙasarta da Mutanenta

Duk lokacin da aka fitar da sakamakon ƙidayar jama'a a Amurka, sunan Loving kan shigo labarai, a ce ga gundumar da mutanenta duka-duka ba su taka kara sun karya ba. Mafi yawan masu labarin nan suke tsayawa. Ɗalibai da masu bibiyar harkar man fetur kuwa sukan so ƙarin bayani, kuma tambayoyinsu kusan iri ɗaya ne. Ga su nan a tattare, an fara da masu sauƙi kafin a shiga masu zurfi.

Mece ce gunduma a tsarin Amurka, kuma a ina Loving take?

Kusan kowace jiha a Amurka an rarraba ta zuwa gundumomi, kuma gunduma ita ce hukumar da ta fi kusa da mutumin karkara. Ita ke ajiye takardun filaye, ta kula da ƙananan hanyoyi, ta shirya zaɓe, ta riƙe kotu da 'yan sandanta. Ƙasar tana da irin waɗannan sama da 3,100, Texas kaɗai tana da 254, fiye da kowace jiha.

Loving tana can yammacin Texas. Daga arewa ta yi iyaka da jihar New Mexico, daga gabas da gundumar Winkler, daga kudu maso gabas da Ward, sannan Kogin Pecos ya raba ta da gundumar Reeves ta yamma da kudu. Faɗinta ya kai kimanin murabba'in kilomita 1,750. Gari ɗaya ne tak a cikinta, Mentone, kuma shi ne hedikwata.

Da gaske ne mutum 64 ne kawai ke zaune a cikinta?

Abin da ƙidayar 2020 ta nuna ke nan, kuma shi ya sa ta zama gunduma mafi ƙarancin jama'a a duk Amurka. Mai bi mata ita ce Kalawao ta jihar Hawaii da mutum 82. A cikin Texas kuwa, King ce ke biye da ita da mutum 265. Idan aka raba ƙasar Loving ga mazaunanta, kowa zai tashi da kusan murabba'in kilomita 27. A jihar dai ake da gundumar Harris, inda birnin Houston yake, mai mutane sama da miliyan 4.7, kuma a idon doka ita da Loving matsayinsu ɗaya.

Sai dai wannan adadi na masu kwana ne a matsayin gida. Wanda ya tsaya bakin titin Mentone da hantsi ba zai yarda da shi ba. An yi bayanin dalili a tambayar da ta shafi ma'aikatan mai da ƙidaya.

Wace irin ƙasa ce, kuma yaya yanayinta yake?

Gefen Hamadar Chihuahua ce. Fili ne shimfiɗaɗɗe mai ƴan tuddai marasa tsayi, tsayinsa daga matakin teku tsakanin mita 800 da 1,000. Ƙasar rairayi ce da tsakuwa, a ƙarƙashinta akwai farin ɓawo mai tauri, wasu wuraren kuma gishiri kan fito fili ya yi fari fat. Ruwan sama na shekara bai kai milimita 300 ba, kuma idan ya zo yakan zo ne da ƙarfi lokaci ɗaya, ya gudu ta kwazazzabai kafin ƙasa ta sha. Da bazara zafi kan wuce digiri 38, da hunturu kuma dare kan yi sanyi har ruwa ya daskare.

Tsirran wurin gajeru ne masu jure fari: ƙayoyin da ake kira mesquite, da wasu ƙananan itatuwa masu ganye mai maiƙo, da ciyawa tsilla-tsilla. Akwai zomayen daji masu dogayen kunnuwa, da barewa, da karen daji mai kama da dila, da macijin nan mai kaɗa ƙarar wutsiya. Kiwon shanu yana yiwuwa, amma saniya ɗaya tana buƙatar fili mai faɗin gaske kafin ta ƙoshi, shi ya sa gonakin kiwo a can manya ne, masu su kuma kaɗan.

Tun da Kogin Pecos ya ratsa iyakarta, me ya sa ake maganar ƙarancin ruwa?

Wannan ce tambayar da ta fi muhimmanci a duk tarihin wurin. Ruwan Pecos a wannan yanki yana da gishiri. Fiye da shekaru miliyan 250 da suka wuce, teku ne ya rufe yankin gaba ɗaya. Da tekun ya ƙafe, sai ya bar shimfiɗun gishiri masu kauri a ƙarƙashin ƙasa, halittun da suka mutu a cikinsa kuma suka zama man da ake haƙowa yau. Ke nan tekun da ya ba Loving arzikinta shi ne ya hana ta ruwan sha. A kusa da Malaga ta New Mexico, ruwan gishiri yana tsattsafowa daga ƙasa ya shiga kogin, sai ya iso Texas da ɗanɗanon da mutum ba ya iya sha, amfanin gona ma ba kowanne ke jure shi ba. Rijiyoyi da yawa da aka haƙa a gundumar haka ruwansu ya fito.

Ga kuma ƙarancin ruwan kansa. Pecos ya taso ne daga tsaunukan arewacin New Mexico, kuma manoman can suna ɗibarsa kafin ya sauko. An gina madatsar Red Bluff a 1936 kusa da iyakar jihohin biyu. A 1948 jihohin suka ƙulla yarjejeniyar rabon ruwan, amma Texas ta kai ƙara Kotun Ƙolin Amurka cewa ana tauye mata rabonta. Kotun ta ba ta gaskiya a 1987, daga baya New Mexico ta biya diyyar dala miliyan 14.

Shekaru da dama mutanen Mentone da tanka suke ɗauko ruwan sha daga garuruwan maƙwabta. Iyali kan lissafa wanka da wanki da girki bisa abin da ya rage a tanki. Da wuya uwa mai ƙananan yara ta zaɓi irin wannan zama idan tana da wani wurin zuwa, kuma wannan kaɗai ya isa ya bayyana rabin abin da ke cikin alƙaluman ƙidayar da aka kawo a ƙasa.

Su wa suka fara zama ko ratsa wurin kafin zuwan Turawa?

'Yan asalin nahiyar sun daɗe suna farauta a bakin Pecos. Daga baya yankin ya zama wurin kai-komon ƙabilar Apache, sannan ta Comanche, waɗanda suka shahara da hawan doki. A 1583 ayarin ɗan Sifaniya Antonio de Espejo ya bi kogin ya gangara kudu. A shekarun 1850 wani hafsan sojan Amurka, John Pope, ya yi binciken hanyar jirgin ƙasa a wurin, ya kuma kwashe shekaru yana haƙar rijiya mai zurfi bai samu ruwan da yake nema ba. Maƙetarar kogin da ke kusa da sansaninsa ta ci sunansa, kuma kekunan dokin wasiƙu na kamfanin Butterfield sun riƙa yada zango a nan daga 1858.

Wane ne Loving da aka sa wa gundumar sunansa?

Oliver Loving mai fataucin shanu ne, haifaffen jihar Kentucky a 1812. Bayan yaƙin basasar Amurka, shanu sun yi yawa a Texas ba kasuwa. A 1866 shi da abokin cinikinsa Charles Goodnight suka kora garke na kimanin shanu 2,000 zuwa Fort Sumner ta New Mexico, inda sojoji ke sayen nama domin ciyar da dubban 'yan ƙabilar Navajo da gwamnati ta tsare a can. Burtalin da suka bi ya ci sunansu su biyu. Kafin a iso Pecos akwai tafiyar kusan kilomita 130 ba ɗigon ruwa. Shanu kan yi kwanaki suna kuka, harshe a waje, kuma da sun shaƙi ƙanshin kogi sai su ruga a guje, wasu su tattake juna, wasu su faɗa daga gaɓa, wasu su sha daga kududdufan kanwa su mutu nan take. Daga nan sai a bi kogin a nufi arewa, ta yankin da gundumar take yanzu.

A 1867 Loving ya wuce garke gaba shi da mutum ɗaya, mayaƙan Comanche suka rutsa su a bakin kogin, aka harbe shi. Ya yi kwanaki a ɓoye, ya kuɓuta, ya isa Fort Sumner, amma raunin ya ruɓe, ya rasu ranar 25 ga Satumba, 1867. Goodnight ya cika masa alƙawarin da ya ɗauka, ya mayar da gawarsa Texas aka binne shi a Weatherford. Ya kamata mai karatu ya riƙe ɓangarorin labarin biyu: amanar da ke tsakanin abokan nan gaskiya ce, haka kuma ƙasar da suke ratsawa tana da masu ita, kuma naman da suke kaiwa na ciyar da mutanen da aka raba da gidajensu ne.

Me ake nufi da cewa an kafa gundumar sau biyu?

Majalisar dokokin Texas ta shata iyakar Loving a 1887, ta yanko ta daga gundumar Tom Green, amma ta bar harkokinta a hannun Reeves domin babu mutanen da za su riƙe hukuma. Ƙidayar 1890 ta sami mutum 3 a cikinta. A 1893 wasu mutane daga birnin Denver suka zo da shirin haƙa magudanar ban-ruwa daga Pecos, suka gabatar da takarda mai ɗauke da sunayen mutum 150 da doka ta buƙata, aka ba su izinin kafa hukuma. Ba sai an yi dogon lissafi ba kafin a gane cewa yawancin sunayen nan babu masu su a wurin.

Suka raba muƙamai a tsakaninsu, suka karɓi haraji daga masu filayen da ke zaune a nesa, magudanar ba ta kammalu ba, daga ƙarshe suka watse da kuɗin. A 1897 majalisa ta rushe hukumar ta mayar da yankin ƙarƙashin Reeves. Sai a 1931, bayan samun mai, aka sake kafa ta, kuma ita kaɗai ce a Texas da aka yi wa haka. Sunan Mentone ya samo asali ne daga garin Menton na Faransa. Garin farko mai wannan suna ya mutu, sai aka ba da sunan ga wani sabon gari na 'yan mai da ake kira Ramsey. Ginin kotun gunduma mai hawa biyu da ke tsaye yanzu an yi shi ne a 1935.

Yaya yawan jama'arta ya riƙa hawa da sauka?

Daga mutum 3 a 1890 ya koma 33 a 1900, sannan ya yi tsalle zuwa 249 a 1910, lokacin da masu neman filin noma suka kafa ƙauyen Porterville da fatan ban-ruwa zai yi. Fari da gishiri suka kore su, a 1920 saura 82. Mai ya sake jawo mutane: 195 a 1930, sai 285 a 1940, wanda shi ne adadi mafi yawa da wata ƙidaya ta taɓa samu a can. Daga nan sai gangara: 227 a 1950, 164 a 1970, 91 a 1980. Ya ɗan farfaɗo zuwa 107 a 1990, ya faɗi zuwa 67 a 2000, ya koma 82 a 2010, sannan 64 a 2020. A wuri irin wannan, iyali biyu su yi ƙaura ya isa ya canza alƙaluman shekara goma.

Yaushe aka sami mai, kuma me ya canza a 'yan shekarun nan?

An fara cin karo da mai a farkon shekarun 1920, filin man Wheat kuma ya bunƙasa daga tsakiyar shekarun. Wancan mai ne na rijiyoyi marasa zurfi sosai, kuma ya ja da baya a hankali. Babban sauyin ya zo ne bayan 2010. Loving tana zaune a kan tsakiyar Kwarin Delaware, wani ɓangare na yankin Permian, wanda shi ne mafi yawan samar da ɗanyen mai a Amurka. Man yana maƙale ne a cikin duwatsu masu tauri irin su Wolfcamp da Bone Spring, waɗanda a da ba a iya tatsarsu.

Dabarar yanzu ita ce a haƙa ƙasa kilomita biyu ko uku, sannan a karkatar da bututun ya yi tafiya a kwance na wasu kilomitocin a cikin dutsen. Sai a tura ruwa da yashi da ƙarfin gaske su tsattsaga dutsen, yashin ya maƙale a tsagogin ya hana su rufewa, mai da iskar gas su biyo. Da wannan Loving ta shiga sahun gundumomin da suka fi fitar da mai a Texas.

Idan dubban ma'aikata na shiga kullum, me ya sa ƙidaya ba ta lissafa su ba?

Ƙa'idar ƙidayar Amurka ita ce a rubuta mutum a inda ya fi zama da kwana a matsayin gidansa, a ranar 1 ga Afrilu ta shekarar ƙidaya. Direban tanka da ya taso daga Odessa da asuba ya koma da dare, na Odessa ne. Mai walda da ke kwana a ɗakunan kwantena na kamfani na mako biyu sannan ya koma wurin iyalinsa a wata jiha, galibi can iyalinsa za su rubuta shi. Ƙidayar 2020 kuma ta faɗo daidai lokacin annobar korona, sa'ad da farashin mai ya faɗi warwas aka dakatar da ayyuka da yawa.

Wannan yana da tasiri na zahiri. Hanyoyi da motar asibiti da 'yan sanda suna hidimar dubbai ne, alhali a takarda wurin na mutum 64 ne.

To wa ke cin kuɗin man?

A Texas, mai fili shi ke da abin da ke ƙarƙashinsa, amma doka ta yarda a raba biyun: wani ya mallaki saman ƙasa, wani ya mallaki ma'adinan da ke ciki. Saboda haka za ka iya samun makiyayin da rijiyoyi suka cika gonarsa, yana karɓar kuɗin hanya da na ɓarnar ciyawa kawai, alhali kason man yana tafiya ga jikokin wani da ya sayar da filin tun da daɗewa, waɗanda watakila ba su taɓa taka wurin ba. Manyan filaye kuma suna hannun kamfanin Texas Pacific, wanda ya gaji ƙasar da aka bai wa kamfanin jirgin ƙasa a ƙarni na 19.

Ita hukumar gunduma da harajin kadara take rayuwa, domin Texas ba ta karɓar harajin albashi. Rijiyoyi da bututai da man da ke ƙasa duk kadara ne, kuma ƙimarsu a Loving ta kai biliyoyin daloli. Shi ya sa kasafinta ya fi ƙarfin yawan mutanenta nesa ba kusa ba. Wani kaso na harajin makarantu kuma jiha ke karɓa ta raba wa yankunan da ba su da hali.

Ta yaya mutane 'yan kaɗan haka ke tafiyar da hukuma?

Kundin tsarin mulkin Texas bai yi wa ƙaramar gunduma rangwame ba. Dole a zaɓi alƙalin gunduma, wanda shi ne shugaban gudanarwa, da kwamishinoni huɗu daga mazaɓu huɗu, da shugaban 'yan sanda, da magatakarda, da ma'aji, da alƙalin ƙananan laifuffuka. Idan aka haɗa da masu gyaran hanya da ma'aikatan ofis, za a ga kaso babba na manyan wurin ma'aikatan gunduma ne. Kwamishina kan ci zaɓe da ƙuri'un da ba su wuce a ƙirga da yatsu ba. Haɗa masu taya alƙali yanke hukunci su 12 waɗanda ba su da dangantaka da mai ƙara ko wanda ake ƙara aiki ne ja.

Wurin yana da abin alfahari a nan. A 1945 aka naɗa Edna Reed Clayton Dewees shugabar 'yan sandan gundumar, daga baya ta tsaya zaɓe ta ci, ta zama mace ta farko da aka zaɓa kan wannan muƙami a Texas.

Me ya sa ake cewa masu jefa ƙuri'a sun fi mazauna yawa?

A zaɓen shugaban ƙasa na 2020 an kaɗa ƙuri'u 66 a Loving, a shekarar da ƙidaya ta ce mutum 64 ne, har da yara. Dokar zaɓen Texas ta daɗe tana ɗaukar gidan mutum a matsayin wurin da yake da niyyar komawa bayan rashi na ɗan lokaci. Da wannan ne 'ya'ya da jikokin tsofaffin iyalai da ke zaune a wasu garuruwa suke riƙe rajistarsu a gidan gado. Wasunsu da gaske zuciyarsu na can, kuma rashin makaranta ko asibiti ne ya fitar da su. Amma idan aka tuna girman kasafin da aka ambata a tambayar kuɗin mai, za a gane dalilin da ya sa batun ya sha kaiwa gaban kotu. A ganina wanda ke shan ƙurar hanyar kullum ya fi cancanta a ji muryarsa a kan yadda za a kashe kuɗin.

Ina yara ke karatu, ina kuma ake kai marar lafiya?

An rufe makarantar Mentone a 1972 lokacin da ɗalibai suka rage biyu, aka haɗe ta da ta garin Wink a gundumar Winkler. Yara suna tafiyar kusan kilomita 50 a motar makaranta, su dawo haka. Babu asibiti a gundumar. Mafi kusa suna Pecos da Kermit, babban ciwo kuwa sai Odessa ko Midland, sama da kilomita 100.

Gaskiya ne ana girgizar ƙasa a yankin?

Gaskiya ne, kuma abin ya yawaita ne a 'yan shekarun nan. A Maris 2020 an yi mai ƙarfin maki 5.0, a Nuwamba 2022 aka yi mai 5.4, dukansu yamma da Mentone, a hayin kogi. Masana sun danganta yawancinsu da ruwan gishirin da ke fitowa tare da mai. Kowace gangar mai tana zuwa da gangunan wannan ruwa da yawa, kamfanoni kuma suna mayar da shi cikin ƙasa ta rijiyoyi masu zurfi, nauyinsa ya motsa tsofaffin tsagogin dutse. Hukumar da ke kula da harkar mai a Texas ta taƙaita zuba ruwan a wasu rijiyoyin yankin saboda haka.

Mutum zai iya kai ziyara? Me ya kamata ya sani?

Zai iya. Babbar hanyar jiha mai lamba 302 ce ta ratsa Mentone, ta haɗa ta da Kermit ta gabas, ta yamma kuma ta ƙetare kogi ta haɗu da hanyar da ke zuwa Pecos. Abin gani shi ne ginin kotu, da gidan waya, da ƙaramar majami'ar da aka ɗauko daga Porterville, wadda ta fi kowane gini tsufa a gundumar. Kusan duk filin da ke gefen hanya na wani ne, kuma shiga ba izini laifi ne. Hanyoyin da ke kaiwa ga rijiyoyi ma haka, ga haɗarin iska mai guba a kusa da wasunsu.

Babban abin tsoro shi ne titin kansa. Tireloli masu ɗauke da yashi da ruwa da bututu suna bin sa dare da rana, direbobi da yawa a gajiye suke, kuma haɗurra suna yawa. A cika tanki da mai tun daga Pecos ko Kermit, a ɗauki ruwan sha wadatacce, a guji tuƙin asuba da na magariba lokacin canjin ma'aikata. Wanda zai zarce New Mexico ya mayar da agogonsa baya da awa ɗaya da zarar ya ƙetare iyaka.